Kular Kubra Da Ban Taɓa Buɗewa Ba

Jama'ar shafin nan, salamu alaikum. Masu tambaya a ƙarƙashin kashin da ya wuce ko an je tambayar auren nan, to ba a je ba. Ni na jawo. Na ga wasu har sun fara zagin Kubra wai tana ja min aji, ku bari, ba ta yi komai ba. Ku karanta tukuna, in zagin ne ku san inda za ku kai shi.

Waɗanda yau suka shigo, sunana Mijinyawa. Citta nake saye a nan Kafanchan, ina da sito a bayan kasuwa inda mata suke tsince ta a zuba a buhu. Na haura arba'in da biyar. Matata ta rasu da daɗewa, 'yata ɗaya Zamzam tana aure a Kaduna. Tun da aka kai yarinyar nan ɗakinta, Yaya Zahra'u, wadda ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, ta sa ni a gaba. Kullum maganarta ɗaya ce, wai furfura ta fito min a gemu ina tsugune ina kankare tukunya. Ita ta nemo min Kubra. Tela ce, mijinta ya rasu, shagonta yana layin teloli ta wajen tashar jirgi. Mace ce mai tsawo, ba ta da yawan magana, in ta kalle ka ta saman gilashinta sai ka ji kamar awon riga take maka.

Da magana ta fara nisa sai Kubra ta ce za ta riƙa aiko min da abincin rana sito. Ban roƙa ba. Kula ce koriya mai hawa uku, hannunta ya taɓa tsagewa an ɗaure shi da jan ƙyallen atamfa. Ku riƙe wannan jan ƙyallen, shi ya kashe ni.

Ni mutum ne da na yi suna wajen raina abincin leda. Na taɓa yi wa Zamzam faɗa a kan taliyar yara har ta yi kuka. To ita Zamzam ɗin ce da ta zo ganin gida ta karɓi wayata ta saka min Tiktok, wai in riƙa ganin wa'azi da farashin kaya. Na ga wa'azin kwana biyu. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai abinci ya fara fito min. Wani yana soya kaza a China, wani yana jan cuku kamar roba. Ina kallo ina tsaki, amma ban ɗaga yatsa na wuce ba. Rannan sai ga wata yarinya tana magana da Hausarmu ta nan, sunanta Catherine, wai rumfarta tana kan hanyar Kagoro. Tana yankan nama daga jikin ƙarfe yana zubowa siriri siriri, ta shimfiɗa a kan wani burodi fale-fale, ta zuba kabeji, ta kwanta soseji, ta malala farin abin nan mayanis da jan yaji, ta naɗe ta danna a kan ƙarfe mai zafi ya yi cuu. Na maimaita bidiyon nan har data ta ƙare.

Washegari na tura mata saƙon murya na ce baƙo na yi daga Abuja, shi ke son shawarma. Mai acaba ya kawo. Na shige can ƙuryar sito bayan buhuna na zauna a kan sikeli na ci. Jama'a ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi daɗi. Mayanis ya gangaro min har gwiwar hannu, ya ɓata min gaban shaddata ruwan toka, na bi shi da yatsa na lashe. Ina cikin lasar ne kular Kubra ta iso.

Cikina ya riga ya cika. Na ce to kar abinci ya lalace, na miƙa wa Miriyam.

Miriyam ita ce babba a matan da ke tsintar min citta. Mutuniyar Kwoi ce, a Hausarta mace ma "shi" ce, ta girme ni, ta shekara da shekaru tana aiki a wajena, in ta ce buhu bai bushe ba to bai bushe ba. Ta karɓa ta ce, "Oga, kai fa?" Na ce na ƙoshi. Suka baje a kan buhu su huɗu suka cinye, ta wanke kula, mai acaba ya mayar da yamma. Ni kuma na ɗauki waya na rubuta wa Kubra: "Abinci ya yi daɗi. Allah ya saka."

Na ranar farko ba laifi ba ne. Na sauran ranakun ne laifi.

Don abin bai tsaya a shawarma ba. Catherine kullum da sabon abu a shafinta. Yau dankalin turawa soyayye da kaza mai ɓawon fulawa, gobe wani abu wai shi boga, jibi fiza da ake yanka ta kamar kankana. Ta daina tambayar baƙon Abuja. Da hantsi ya yi sai in ga saƙo: "Dadi good morning, yau akwai chicken wings, in saka maka?" Ni kuma da gemuna in amsa, "Saka, ki ƙara yaji." Har na san wanne ake ci da zafi, wanne ke jure jira. Na sayi wani tsohon tawul na ajiye a sito ina ɗaurawa a wuya saboda riga. Kular kuwa tana zuwa, ko murfin ba na taɓawa, in nuna da haɓa, Miriyam ta ɗauka. Da yamma in tura saƙona. Kalma ɗaya ban taɓa canzawa ba, wayar ma ta haddace, ina danna harafin farko take ƙarasa min.

Wata rana da la'asar Kubra ta rubuto: "Na ga saƙo a cikin kula. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi." Na ce a raina wane saƙo? Na amsa da amin na share. Bayan kwana biyu ta sake: "Zumar nan ta gaske ce, har Kawu na ɗiba wa." Nan na tashi na je wajen matan sito.

"Mama Miriyam, me kike sakawa a kular nan?"

Ba ta ko ɗago ba, hannunta na cikin citta. "Ƙaramin abu ne, Oga. Jiya zuma, ɗan'uwana ya kawo daga gida. Shekaranjiya fiya guda biyu."

"Wa ya sa ki?"

Sai ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya sa ta gaida mutane. "A wajenmu mutum ba ya ci abincin wani ya mayar da kwano haka wofi. Kunya ne. Ko gyaɗa ne ka saka. Wannan madam kullum yana dafa mana, mu yi shiru?"

Ku ji inda na zama abin da na zama. A nan ya kamata in ce ta bari, in je in faɗa wa Kubra gaskiya, ko ko in fara cin abincin da aka dafa domina. Na tsaya na yi tunani, na ce, "To ba laifi, ki ci gaba." Na koma bayan buhuna, fuka-fukan kazata suna hucewa.

Haka aka yi ta yi. Acca a ƙulle a leda, gauta, riɗi, daddawar Kwoi mai ƙamshi. Kubra tana godiya, ni ina amsa amin.

Ranar wata Lahadi na je zance gidan Kawunta inda take zaune. Na sa farar shadda da hula zanna, na fesa turare. Ta shimfiɗa min darduma a zaure, ta kawo kunun aya a jug. Ta fito cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin hannunta, da farin mayafi, ƙafarta da jan lalle. Muka gaisa, tana wasa da bakin mayafi, sannan ta ce,

"Baban Zamzam, ka ji daddawarka a miyar jiya?"

Na ce, "Na ji."

"Ba ta yi yawa ba?"

"Daidai ta yi."

Ta yi murmushi, abin da ba kasafai take yi ba. "Bari in faɗa maka wani abu. Da Yaya Zahra'u ta zo min da maganarka ban so ba. An ce min kai mutum ne mai taurin kai, ba ka san a ce sannu ba. Ni kuma na zauna da namiji shekaru, Allah ya jiƙansa bai rage ni da komai ba, amma bai taɓa shigowa da abu a hannu ya ce wannan na gani na tuna da ke ba. Ranar da na buɗe kular nan na ga fiya biyu, na zauna a kan keken ɗinki na kasa aiki. Na ce mutumin da yana tsakiyar ciniki zai tuna ya saka fiya a kula, zan iya zama da shi. Ka faɗa wa Yaya su zo su ga Kawu ranar Asabar ta sama."

Na ajiye kofin kunun. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ai ba komai, fiya ce kawai."

Yaya Zahra'u da ta ji har rangaɗa guɗa ta yi a tsakar gidana. Kafin kwana biyu ta sayo goro ƙwarya guda, fari da ja, da katan ɗin alewa da cingam, ta ajiye a ɗakina ta lulluɓe goron da jiƙaƙƙen algarara. Ta kira baffanmu na Fadan Kagoma ta ce ya shirya babbar rigarsa. Tana fita ta juyo ta ce, "Ashe kana da hankali ban sani ba. Wai zuma. Ni da na goya ka ko ƙuli-ƙuli ba ka taɓa kawo min ba."

Na yi niyyar dainawa, Allah ya sani. Ranar Litinin na ce yau tuwo zan ci. Da hantsi Catherine ta saka bidiyon wani sabon abu, nama da cuku a cikin burodi ana matsawa yana tsiyaya. Na ce to gobe.

Ranar Laraba da safe na shigo sito na tarar da Miriyam tana ta fara'a.

"Oga, albishirinka. Na ga madam ɗin."

"Wace madam?"

"Mai abinci mana. Zumuntar mata na cocinmu za mu yi anko, aka ce akwai tela mai kyau a layin tasha. Na kai zani jiya da yamma. Ina shiga na ga kulan a kan tebur, da jan ƙyalle ɗin. Na ce a'a, wannan kula na san shi kamar ɗana."

Na dafa buhu. "Sai kika ce me?"

"Na ce Madam, ashe ke ne. Na rungume shi. Na ce Ubangiji ya albarkaci hannun nan, tun da kin fara aiko mana ba mu sayi abincin rana ba, har Yemima da muna tsinta tare ya yi ƙiba. Na tambaye shi yaya yana yin miyan karkashi ɗin ba ya tsinkewa."

"Ita kuma ta ce me?"

"Ya tambaye ni ko zuman daga ina. Na ce daga gidanmu. Ya ce fiya fa. Na ce bishiyan bayan ɗakina." Miriyam ta ɗan tsaya, fara'ar ta fara raguwa. "Ya ce to Oga me yana ci? Na ce ai Oga ba ya cin tuwo, nasa a takarda mai ƙyalli ake kawowa daga wajen Catherine." Ta dube ni da kyau. "Oga. Madam bai sani ba?"

Sauran matan duk sun daina tsinta.

Miriyam ta sa hannu a baki, ta sauke. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ban ga dalilin da za ta ba ni ba. Cewa ta yi, "Ni na ɗauka sadaka ne madam yana yi mana, kai kana kawowa. Kai, Oga. Wannan bai yi kyau ba." Ta koma kan cittarta.

Na duba waya. Ba saƙo. Na rubuta "Ina kwana" na goge. Na rubuta "Ina so mu yi magana" na goge. Saƙon Catherine ya shigo, ban buɗe ba. Na zauna a bakin sito ina ganin masu acaba suna wucewa, ina cewa yau ba kula.

Da azahar sai ga mai acaban, da kula biyu. Koriyar mai jan ƙyalle, da wata babba sabuwa ruwan ƙasa. Ya ce, "Babbar ta Mama Miriyam ce da mutanenta. Wannan an ce a ba ka hannu da hannu."

Ranar ce na fara buɗe kular nan. Murfin ma sai da na yi kokawa da shi don ban san ta inda ake murɗawa ba. Hawa na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na ƙasa shawarma ce guda ɗaya a naɗe a takardarta mai ƙyalli, da tambarin rumfar Catherine, da ɗuminta. Wayata ta yi ƙara. Kubra ce: "Wannan na san da bakinka za ka ci."

Na daɗe a zaune da abin nan a cinya. Can gefe mata sun buɗe tasu, ƙamshin daddawa ya cika sito. Ba wadda ta ce min bismilla. Na rufe kular, na ɗauki murfin wani bokiti na ɗauraye, na taka har inda suke na tsaya. Ni mai sito, ni ke biyansu.

"Mama Miriyam, a ɗan sam min."

Ta dube ni ta dubi murfin bokitin. Yemima ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Miriyam ta yanko min tuwon acca rabin malmala ta zuba miya, ta ce, "Ka ci a nan inda muna gani."

Na tsuguna na ci a nan. Ba zan tsaya yi muku bayanin daɗi ba, don ba daɗin ne ya dame ni ba. Kifin da ke ciki an bi shi an cire ƙaya tas, ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa faɗa wa Kubra tun farkon zuwana, a cikin hira, cewa ƙayar kifi ta taɓa maƙale min ina yaro shi ya sa nake tsoronsa. Na tambayi Miriyam ko kullum haka kifin yake zuwa. Ta ce kullum.

Na wanke hannu. Na je kan buhun da ya fi kyau na zauna na tsinci citta da hannuna, manya masu kauri, na cika hawa biyun da ke wofi. Shawarmar na bar ta inda take. Ban jira mai acaba ba, na rataya kular a mashin ɗina na tafi layin tasha.

Tana kan keke tana ɗinka wani zani mai ruwan goro, gilashi a karan hanci, abin awo a wuya. Na yi sallama ta amsa ba ta tsayar da ƙafa ba. Na ajiye kular a kan tebur.

"Ka ci?"

"Na ci."

"Ta yi daɗi, Allah ya saka?"

"Ba ita na ci ba. Tuwon na ci. Roƙa na yi a wajen Miriyam."

Keken ya ci gaba da tafiya. "Miyar mece ce?"

"Karkashi. Da busasshen kifi." Na ƙara da cewa, "Gishiri bai ji ba."

Sai ƙafarta ta tsaya. Ta dube ni ta saman gilashi. "Bai ji ba. Raina a ɓace yake, na manta ko na saka. Ka ga yau ka faɗi abin da aka dafa." Ta jawo kular ta buɗe, ta ga cittar, ta ɗauki ɗaya ta karya ta shinshina. Ta buɗe ta ƙasa ta ga shawarmar. "Cittar nan wa ya tsinta, Miriyam?"

"Ni."

"Ba cin shawarma ne ya ɓata min rai ba, Baban Zamzam. Ni ma da na je saye na ɗanɗana, ba laifi. Da ka ce min ga abin da kake so, da mun ci tare. Amma na zauna a gabanka na buɗe maka cikina a kan fiyar da ba kai ka saka ba, ka dube ni ka ce ai ba komai. Mutumin da na amince zan aura ashe Miriyam ce."

Telan da ke shagon gefe ya yi tari ya ƙara ƙarar rediyonsa. A daidai nan wayata ta yi ƙara a aljihu, na san ko wace ce. Kubra ma ta sani.

"Amsa mata mana, Dadi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba. Na ce, "Kubra, na yi laifi."

"Ka faɗa wa Yaya kar su zo Asabar."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Ban san ka ba tukuna, wancan mutumin na sani." Ta mayar da zanin ƙarƙashin allura. "Miriyam da mutanenta zan ci gaba da aika musu, sun iya cin abincin mutane. Kai kular nan ba za ta sake zuwa sito ba. In kana jin yunwa da azahar ga benci nan a ƙofar shago, ka zo ka zauna ka ci ina gani, mutanen layi suna gani. In ba ka zo ba na gane."

Na ce, "An riga an sayi goro."

"Sai ka riƙa yayyafa masa ruwa."

Daga nan gidan Yaya Zahra'u na wuce, na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Wato zumar ma ba kai ba ne." Ta ce baffa kuma ni zan kira shi da bakina in faɗa masa dalili, ita ba za ta iya furta kalmar shawarma a gaban dattijo ba.

Asabar ɗin ta zo ta wuce. Tiktok yana nan a wayata, ban goge ba, ba zan ce muku na goge ba. Amma kullum da azahar ina kan bencin nan, da kwano a cinya, teloli suna wucewa suna cewa "Dadi, a ci lafiya." Jiya na ce wa Kubra wake bai nuna ba, ta ce ta sani. Har yanzu ba ta ce komai a kan ranar zuwa tambaya ba.

Da asuba in na dawo masallaci nakan ɗaga algararar in yayyafa ruwa in juya goron. Yau na tsinci guda uku sun fara baƙi, na fitar da su. Sauran dai da sauransu, ba su lalace ba tukuna.